Man dare na goge tabon fuska: ki juya robar ki karanta bayanta kafin ki miƙa kuɗinki

Ni dai tabon nan na kumatuna na hagu tun wajen bikin ƙanwata ya samo asali, pimples ne suka feso min guda huɗu a jere sati ɗaya kafin biki, ni kuma hannuna baya zama, na dinga matsa su ina cewa kafin ranar dina sun bushe. Sun bushe kam, amma sun bar min baƙin tabo kamar an ɗiga tawada, duk hodar da na shafa sai ya leƙo ta ƙasa. Daga nan na shiga neman man dare, wai irin wanda zaki shafa ki kwanta ki tashi fuska ta washe. Shekara guda da rabi kenan ina gwaje-gwaje, na ɓarar da kuɗi, na ɗan ƙona fuska, shi yasa nace bari in faɗi abinda na gani a kowanne ko wata ta huta.

Farko dai kalmar overnight ɗin nan da ake rubutawa a jikin kwali, ma'anarta kawai da dare ake shafawa. Ba wai a dare ɗaya zai yi aiki ba. Fatar mutum tana ɗaukar wajen kwana 28 kafin ta sama ta zube sabuwa ta hau, tabon kuma launin fata ne da ake kira melanin ya taru a wurin saboda wurin yayi ciwo, to sai fatar ta sake kanta sau biyu sau uku kafin ki fara ganin bambanci. Sati 8 zuwa 12 kenan idan man kirki ne. Ki riƙe wannan lissafin don da shi zaki auna duk maganar da mai shago zai miki.

Da man haɗi na fara, kuma nasan mafi yawanmu da shi muke farawa don shi ne a kusa, ga shi a status ɗin WhatsApp ga shi a Instagram, a nan Kaduna in kin shiga Kasuwar Barci ko Kasuwar Gumi ɓangaren kayan kwalliya ma ba zaki rasa mai cewa "Hajiya zo in haɗa miki" ba. Tawa a gabana ta haɗa. Ta ɗauko farar roba babu rubutu ko ɗaya, ta zuba wani mai da cokali, ta yanke bakin tub guda biyu ta matse su tas har tana naɗe gindin tub ɗin, ta ɗiga wani ruwa daga ƙaramar kwalba ta juya da cokalin, ƙamshi kamar na alawa. Na tambayeta meye a ciki tace "organic ne Anti, sirrin sana'a ne, ke dai ki bani kwana bakwai". Wallahi bata yi ƙarya ba, kwana tara fuskata tayi fayau, har a makarantar da nake koyarwa ana tambayata me nake shafawa. Sai dai tabon yana nan, abinda ya faru fatar gefensa ce tayi haske shi kuma ya ƙara fitowa. Wata biyu man ya ƙare ban sake saya ba, cikin sati ɗaya fuskar tayi ja tana ƙaiƙayi, ƙananan ƙuraje suka rufe min goshi, idan na fita rana ji nake kamar an watsa min barkono.

Da na je wajen wani mai famasi a unguwarmu yana kallona yace steroid ne. Waɗannan tub ɗin da ake matsewa a haɗi yawanci magungunan ciwon fata ne masu ɗauke da clobetasol ko betamethasone, irin waɗanda ake ce wa triple action, an yi su ne don a shafa na ɗan lokaci kan wata lalura a daina. Idan aka mayar da su man kullum sai fata tayi siriri, jijiyoyi kore su fito, nankarwa ta fito a inda babu ciki babu ƙiba, gashi ya tsiro a fuska, in an ji ciwo ya ƙi warkewa. Wasu haɗin kuma da sinadarin ƙara haske da ake kira hydroquinone mai yawa ake yi, shi kuma idan aka daɗe ana shafawa shi ke kawo baƙin nan mai kama da shuɗi a saman kumatu da gefen ido da muke cewa sunburn, likitoci na kiransa ochronosis kuma yana da matuƙar wahalar magani. Na ukun shi ne mercury, wani sinadari mai guba, wannan har ƙoda yake taɓawa kuma mai shayarwa tana iya ba jaririnta ta nono. Ba banza NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan a 2023 ba, ga kuma alƙaluman da ake yawan kawowa daga Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da man ƙara haske. To ni dai robar da babu jerin abinda ke ciki, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa, ko kyauta aka bani bana so. Kuma in kin riga kin daɗe a kan irinsa kar ki yanke lokaci ɗaya yadda nayi, ki ga likita ya sauke ki a hankali.

Shi hydroquinone ɗin a bashi haƙƙinsa, magani ne na gaske kuma likitocin fata suna rubuta shi, amma na 'yan watanni kamar uku sai a huta, a kan tabon kaɗai ba duk fuska ba. A Turai tun 2001 aka hana sa shi a kayan kwalliya, Amurka ma daga 2020 sai da takardar likita. Mu nan kuma sai a cika roba da shi a ba yarinya 'yar shekara 17.

Sai na dawo kan na kanti masu suna, a nan ne ya kamata ki koyi juya roba. Gaban kwali duk ɗaya ne, glow, bright, radiance, duk talla ce. A baya ne ake rubuta gaskiya, kuma sunayen da turanci suke don haka zan rubuta su yadda zaki gansu.

Niacinamide shi ne mai sauƙin hali a cikinsu. Nau'in bitamin B3 ne, baya hana fata yin launinta, yana rage yadda launin ke hawowa sama ne, yana kuma rage maiƙon fuska. Kashi 4 zuwa 5 ya isa, na kamfanin The Ordinary da ya cika gari kashi 10 ne da zinc, wasu yana musu daidai wasu yana sa musu ɗan ƙaiƙayi. Shi na shafa bayan fuskata ta lafa, gaskiya aikinsa a hankali yake kamar tafiyar hawainiya, wata biyu na farko abinda na lura kawai fuskar ta daina ƙyalli da rana, tabon ya ɗan dusashe amma bai tafi ba. In tabonki sabo ne mara duhu sosai kuma kuɗinki kaɗan ne, ki fara da shi.

Wanda ya min aiki na gani da idona azelaic acid ne, kuma mamaki nake yadda ba a cika maganarsa ba. Akwai na kashi 10 a kayan kwalliya, akwai na kashi 20 irin Skinoren a famasi. Yana kashe ƙwayoyin da ke kawo pimples kuma yana rage aikin sinadarin da ke haɗa launi a wurin da yayi yawa, ba tare da ya ɗashe miki sauran fuska ba, wato kalarki tana nan tabon ne ke tafiya. Daren farko da na shafa minti biyar fuskar ta fara min tsikari kamar tururuwa na yawo a kai, na tashi zan wanke sai na daure, bayan kamar kwata ya lafa. Sati biyu haka yake yi sannan ya daina. Wani abin da ya sa nake sonsa yana cikin waɗanda likitoci ke barin mai ciki ta shafa, duk da haka dai a tambaya a wajen awo.

Dangin retinol kuma su ne masu ƙarfi, retinol na kanti, adapalene kashi 0.1 irin Differin, sai tretinoin da yake na likita. Su aikinsu hanzarta sake fata ne, kuma su ne man dare na ainihi don tretinoin haske yana lalata shi sannan duk suna sa fata ta ƙi jure rana. In har yanzu pimples na fito miki to adapalene ya fi miki komai, don meye amfanin goge tsohon tabo alhali sabo na zuwa duk wata. Amma kuskuren da nayi kar ki yi, a watan Disamba na fara, tsakiyar hunturu, kinsan iskar Kaduna a lokacin ko leɓe sai ya tsage. Na lakato da yawa na mulke fuska kullum, kwana biyar gefen hancina da bakina suka fara saɓa kamar maciji, in nayi alwala ruwan kansa zafi yake min, har Mama tace "ke wai me kike yi wa fuskar nan ne haka, ki barta ta huta mana". Ƙa'idar ita ce kamar ƙwayar wake ɗaya ga duk fuska, a busasshiyar fata, dare biyu ko uku a sati tukuna, a bi da man laushi a kai. Kuma wannan babu wasa a ciki, mai ciki ko mai neman ciki bata shafa dangin retinol sam. Amaren da ake wa gyara wata ɗaya kafin biki ma ba nasu bane, lokacin saɓar zai faɗo daidai ranar kamu.

Bitamin C yana da kyau amma ni da shi bamu daidaita ba saboda zafin garin nan. Ruwan yana lalacewa da zafi da haske, na sayi kwalba a watan Maris na ajiye a gaban madubi ga babu wuta balle firji, kafin ƙarshen Afrilu ya koma kalar shayi. In ya koma haka ya mutu. In zaki saya ki duba kalarsa tun a shago, musamman shagon da ake jera kaya a rana. Alpha arbutin da kojic acid suma suna rage tabo, sai dai kojic ɗin nan na sabulu yana busar da fata sosai, kuma duk abinda ya fusata baƙar fata ƙarshensa wani tabon ne.

Masu tsadar kuma akwai Eucerin Anti-Pigment da Nivea Luminous630, kamfani ɗaya ne na Jamus ke yinsu wato Beiersdorf, sinadarin da suke taƙama da shi a Eucerin ana kiransa Thiamidol. Wata abokiyar aikina tana shafa na dare kuma fuskarta tayi kyau ba tare da ta canza kala ba, ni ban saya ba don kuɗin roba ɗaya ya kai na atamfa mai kyau kuma ba roba ɗaya zata isa ba. Matsalar masu suna ita ce jabu, duk abinda yayi kasuwa sai an kwaikwaye shi. In kika ga farashin ya faɗi ƙasa da rabin na sauran shaguna, ko rubutun kwalin yana gogewa da yatsa, ko lambar da ke jikin kwali bata zo ɗaya da ta jikin roba ba, ki ajiye. Ni yanzu gara in je babban famasi ko kanti a Ahmadu Bello Way in biya ƙari in karɓi rasit.

Na gida fa? Man kaɗe yana laushi yana taimako da hunturu amma baya goge tabo, wasu ma toshe musu fuska yake. Dilka da kurkum suna sa fata tayi santsi na 'yan kwanaki. Lemon tsami da makilin da baking soda da ake cewa a ɗiga a kan tabo dan Allah a bari, ƙuna ce kawai, haka dirza fuska da soso.

Abinda ban so ji ba amma dole na yarda shi ne duk man daren nan aikin banza ne in babu man kariya daga rana da safe. Kin shafa na dare ya ɗan rage launi, gari ya waye kin tsaya bakin titi a Kawo kina jiran keke rana na dukan kumatunki, fata ta sake zuba wani launin a wurin, kullum ana ɗinki ana warwarewa. Ki nemi wanda aka rubuta SPF 30 ko sama a jikinsa, wato ƙarfin kariyarsa, kuma ki gwada a bayan hannu tukuna don wasu suna barin fari a baƙar fata kamar an shafa toka. Hijabi yana rufe wuya da kunne amma kumatu da goshi a waje suke. In kuɗinki na abu ɗaya ne tak tsakanin man dare mai tsada da wannan, ni wannan zan ce ki ɗauka ki haɗa da niacinamide mai araha.

Kowanne kika saya ki fara shafa kaɗan a bayan kunne ko ƙasan haɓa kwana biyu uku ki gani, kuma ɗaya bayan ɗaya, kar ki haɗa uku dare guda in ya ɓaci baki san mai laifi ba. Ki ɗauki hoto a bakin taga ranar farko don ido yana mantuwa.

Sannan ba kowane baƙi bane tabon pimples. In naki shimfiɗaɗɗe ne a kumatu biyu da goshi ko saman leɓe, ya zo da ciki ko bayan kin fara maganin tsarin iyali, wannan melasma ne, yana tafiya yana dawowa kuma man kanti kaɗai ba kasafai yake iya masa ba. Shi da baƙin da bilicin ya bari duk na likitan fata ne, a fara da asibitin Barau Dikko a nemi a tura ki, ko a daure a hau mota zuwa asibitin koyarwa na ABU da ke Shika a Zariya. Yayata irin nata kenan tun haihuwarta ta biyu, ta shafa kusan duk abinda na lissafa a nan, yanzu dai ta yanki kati. Ni kuma a gaban madubina azelaic ne da daddare, adapalene ranar Litinin da Alhamis, man rana da safe, cikin tabo huɗun nan uku sun tafi saura na ƙasan wanda na fi matsawa.