Audacity ko Adobe Audition: wacce ta dace da gyaran sautin karatu

Wa alaikumus salam, Malam. Tunda karatun da ake yi a masallacinku kake son ka riƙa gyarawa kana tura wa jama'a, kuma tsakanin Audacity da Adobe Audition ne ka rasa wadda za ka ɗora a kwamfutarka, to Audacity za ka ɗauka. Kada ka wahalar da kanka.

Da ita nake aiki shekara da shekaru, kuma akwai dalilin da ya sa ba na iya rabuwa da ita. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana kaset-kaset na karatun da yake yi wa almajirai bayan Magariba. Sun daɗe a cikin akwati, in ka kunna, shuuu ɗin kaset ya fi muryarsa tashi. Na samo rediyon kaset, na jona shi da kwamfuta da 'yar wayar sauti, na danna jan maɓallin ɗauka, na bar shi ya zuba har ƙarshe. Daga nan na nemo wurin da ya yi shiru yana juya takarda, daƙiƙa biyu zuwa uku da babu komai sai ƙarar kaset. Na zaɓi wurin, na shiga Effect, na buɗe Noise Reduction, na danna Get Noise Profile. Wato na nuna wa manhajar cewa ga ƙarar da ba na so. Sai na zaɓi karatun gaba ɗaya na sake danna Noise Reduction. Ƙarar ta kwanta, muryar ta fito har da ɗan gyaran muryar nan da yake yi kafin ya fara fassara. Da na kunna wa Hajiya sai ta ajiye carbinta ta ce in mayar baya. A ranar ta sa na tura wa 'yan'uwanmu duka.

Sai dai a kula da wannan Noise Reduction ɗin, don nan ne sababbin hannu suke ɓata aiki. Idan ka cika masa ƙarfi zai cinye ƙarar ya haɗa da muryar, ta daina kama da ta mai ita. Ka fara da kaɗan, ka danna Preview ka saurara, in bai isa ba ka ƙara. Gara a ji ɗan motsin fanka a baya da a ji muryar malam ta canza. In kuma gurnanin wuta ne ya shiga, wannan buuu ɗin da ba ya yankewa, wutar ƙasarmu a kan 50 Hz take, don haka ka buɗe Notch Filter ka rubuta 50, zai rage shi sosai. Mafi sauƙi ma shi ne ka cire caja daga kwamfutar lokacin ɗauka, musamman in janareta ne ke aiki.

Audacity kyauta ce tun asalinta. Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg ne suka fara ta a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 1999, aka sake ta ga jama'a a 2000, kuma a 2021 ta koma hannun kamfanin Muse Group, amma har yanzu ba a biyan ko sisi. Tana aiki a Windows da Mac da Linux, ba ta neman intanet bayan ka ɗora ta, kuma tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo mai RAM 4GB za ta ja ta a aikin murya. Yanke tari da dogon shiru, ɗaga muryar da ta yi ƙasa, haɗa karatun jiya da na yau, sa sallama a farko, duk tana yi.

Abu biyu ne za su iya ba ka ciwon kai a makon farko. Yawancin wayoyi suna ajiye sauti a tsarin m4a, ita kuma ba ta buɗe shi sai ka ƙara mata FFmpeg, wani ƙari ne da ke ba ta damar karanta irin wannan fayil, shi ma kyauta ne, sau ɗaya ake ɗora shi. Na biyu, in ka danna Save, fayil mai ƙarewa da aup3 za ta ba ka, kuma wannan ba sauti ba ne, teburin aikinka ne, babu wayar da za ta kunna shi. Export za ka danna ka fitar da MP3. Kuma koyaushe ka ajiye asalin abin da ka ɗauka a wani wuri daban kafin ka fara yanka.

Adobe Audition kuwa, ban ce ba ta da kyau ba. Ita ce tsohuwar Cool Edit Pro da 'yan gidan rediyo suka sani, Adobe ta saye ta a 2003 ta canza mata suna, ta fi iya rage amon babban ɗaki, kuma ga mai haɗa bidiyo da Premiere Pro tana da daɗi. Amma tun 2013 ba a sayar da ita, haya ake bayarwa, sama da dala 20 duk wata, ranar da ka daina biya ta rufe. Ka lissafa wannan da naira a shekara, ka ga ko karatun da kake rabawa saboda Allah ya kamata ya ɗauki wannan nauyi.

Ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa maka wannan. Za ka je shagon masu ɗora manhaja, wani ya ce yana da Audition cikakkiya ta har abada, ka ba da 'yan dubbai ya zuba maka daga filash. Babu wata ta har abada a sababbin fitowarta. Ta sata ce aka fasa, kuma alamar ita ce zai fara kashe maka garkuwar Windows kafin ya ɗora, ya kuma ce kada ka bari ta taɓa intanet. Irin waɗannan fayilolin ne ake cusa wa bairos mai kwashe kalmomin sirri, kuma a wannan kwamfutar kake buɗe imel ɗinka, wataƙila har da banki. Ban da haka, kai da za ka gyara karatun addini, bai dace a ce da kayan sata ka yi ba. Akwai kuma masu karɓar kuɗi a kan Audacity ɗin kanta suna cewa tasu ta biya ce, ta fi ta kyauta. Ƙarya ce, iri ɗaya ce. In za ka ba yaro ladan ɗorawa wannan daban, amma manhajar ba ta da farashi. Ka sauke ta da hannunka daga audacityteam.org, kuma ka duba adireshin da kyau, don wani lokaci abin da ke fitowa a saman bincike talla ne na shafin bogi.

In wata rana kiɗa ko waƙa za ka shiga, maganar ta canza, can FL Studio ake nema, ko Reaper da ake saya sau ɗaya a dala 60 bayan gwajin kwana 60. Amma wannan ba shi ne gabanka yanzu ba.

Kuɗin da ka ware, ka sa shi a makirufo. Sautin da aka ɗauka daga sahun baya, ya bugi bango ya dawo, babu manhajar da za ta mayar da shi garau, har Audition ɗin. Ka samu ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga, ko ka roƙi mai kula da na'urar masallaci ya ba ka waya kai tsaye daga amfilifaya. In ka gama gyara ka fitar da MP3, ka zaɓi mono, wato layin sauti ɗaya, ka sa ingancinsa a kan 64 kbps. Karatun awa ɗaya zai tsaya wajen 29MB, murya ta fita tsaf, masu ƙaramar data ma su iya saukewa a WhatsApp ba tare da sun ji jiki ba.