Kafin ku biya kuɗin "saƙo marar hayaƙi", ku san abin da kuke saya

Masu aika huluna, turaren wuta ko jakunkunan fata zuwa Landan da Amurka ta DHL ko UPS, da masu yin odar kaya daga Turai ta intanet, sun saba cin karo da wani ɗan zaɓi a wurin biyan kuɗi: ƙara ɗan wani abu, a kai kayanka ba tare da ka ƙara wa duniya hayaƙin kabon ba. Kuɗin ba shi da yawa, shi ya sa ake dannawa a wuce. Amma hajar da ake sayarwa a ƙarƙashin koren tambarin nan ba iri ɗaya ba ce.

Wadda ta fi daɗewa, kuma ta fi araha, ita ce ta takardun kabon. UPS ya fara sayar da ita a 2009, gidan wayar Ostiriya ya fara amfani da ita a 2011, na Faransa a 2012. Kamfani zai lissafa hayaƙin da kwalinku ya jawo, sai ya sayi takardu daga wani shiri na kare daji ko raba murhu mai rage cin itace a wata ƙasa. Kowace takarda tana matsayin tan ɗaya na kabon da aka ce an hana shi tashi. Jirgin da ya ɗauki kayan kuwa ya ƙona mansa yadda ya saba, ko ɗigo bai ragu ba.

Ke nan komai ya rataya a kan gaskiyar takardar, kuma a nan gizo yake saƙar. A watan Janairun 2023, jaridun Guardian da Die Zeit tare da ƙungiyar 'yan jarida masu bincike ta SourceMaterial sun wallafa bincike cewa sama da kashi 90 cikin 100 na takardun kare dazuzzuka da Verra, ƙungiya mai rajistar irin waɗannan takardu, ta tantance, da alama ba su wakiltar wani ragi na haƙiƙa. Verra ta musanta, amma kafin shekarar ta ƙare ta dakatar da shirin Kariba na Zimbabuwe, ɗaya daga cikin mafi girma. A 2024 masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka gano cewa takardun murhu an kumbura lissafinsu kusan ninki tara. Wannan ya fi yi min ciwo, domin murhun kansa alheri ne. Duk wanda ya ga idon mace mai girki da ɗanyen itace a madafa marar taga ya san haka, kuma a Kano ma akwai masana'antar da ke ƙera murhun Save80. Laifin yana wurin mai ƙirga cewa ana girki a kansa kullum, alhali wani murhun yana jingine a bayan ɗaki.

Hukumomi sun farga. Daga 27 ga Satumban 2026, dokar Tarayyar Turai ta hana a tallata wa masu saye kaya da cewa ba su da illa ga yanayi idan hujjar takardun kabon ce kawai. Mai sayar wa Turawa kaya ya kula, kada ya kwafi wannan iƙirari ya liƙa a shagonsa.

Haja ta biyu ita ce irin GoGreen Plus da DHL Express ya fito da ita a 2023. A nan kuɗinku na zuwa sayen man jirgi da ake tacewa daga abubuwa kamar tsohon man suya, wanda ke iya rage hayaƙi har kashi 80 cikin 100 idan an auna shi da man jirgi na yau da kullum. A 2022 kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da kamfanonin mai na bp da Neste ta sayen sama da lita miliyan 800 na irin wannan mai. Ba lallai man ya shiga jirgin da ya ɗauki kwalinku ba. Ana zuba shi inda ake da shi, a rubuta muku ragin. Ya fi tsada, kuma irin wannan mai bai kai kashi 1 cikin 100 na man jiragen duniya ba. Duk da haka na fi yarda da shi, saboda an rage hayaƙin a cikin sana'ar da ta tayar da shi, kuma lita abu ne da ake iya aunawa.

Ta ukun ba ta da tambari, kuma ita ce za ta bar muku kuɗi a aljihu. Kayan da ba a gaggawarsu, idan suna da yawa, su bi jirgin ruwa, domin hayaƙin jirgin sama a kan kowane tan ya ninka nasa sau gomomi. A haɗa odar mako guda a kwali ɗaya maimakon aika su ɗai-ɗai. Sannan a dubi girman kwalin. DHL Express yana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, ya raba da 5000, ya caje ku a kan wanda ya fi yawa tsakanin wannan da ainihin nauyi. Huluna goma a kwali mai santimita 40 ta kowane ɓangare za a lissafa su kusan kilo 13, rabi kuwa iska ce da tarkacen jarida. A jera su ɗaya cikin ɗaya, a matse kwalin.

Alƙawura irin na FedEx, cewa zai daidaita hayaƙinsa kafin 2040, ba su ce komai ba game da saƙon da za ku aika gobe.

Shawarata, a fara da ta ukun. Idan dole sai jirgin sama kuma ribar za ta ɗauka, a tambayi ofishin ko suna da tsarin man nan, a nemi shaidar ragin a rubuce. Idan takardun kabon kaɗai suke da su, a tambayi sunan shirin, ƙasar da yake, shekarar takardun, da lambarsu a rajistar Verra ko Gold Standard, waɗanda kowa ke iya dubawa ta intanet kyauta. In suka kasa kawo waɗannan, ku biya kuɗin aike kawai, ku bar zaɓin ba a danna ba.