Swat ko Katmandu, wanne za ka fara zuwa?

Salam ɗan uwa, na ga tambayarka, ka ce kana karatu a Islamabad kuma hutu ya matso, kana son ka ga tsofaffin gine-ginen mabiya addinin Buda a tsakiyar duwatsu amma ka rasa zaɓi tsakanin kwarin Swat na Pakistan da kwarin Katmandu na Nepal. Toh gaskiya ba abu ɗaya za ka gani ba. A Katmandu wuraren a raye suke, har gobe ana ibada a cikinsu, a Swat kuwa kufai ne, addinin ya gushe daga kwarin kusan shekara dubu ke nan, waɗanda ke noma a gefen ginin yanzu Pashtun ne Musulmi.

Bari in fara da biza don ita ce ke ɓata wa mutanenmu shiri. Nepal tana ba yawancin baƙi biza a filin jirgi, amma 'yan Najeriya da Ghana da Kamaru ba sa ciki, dole sai ka nema a ofishin jakadancinsu kafin ka tashi, kar wani ya ruɗe ka ya ce kawai ka yanki tikiti. Swat kuwa kana cikin ƙasar, mota ce daga Islamabad zuwa Mingora, babban garin kwarin, kamar awa 4 zuwa 5 tun da aka buɗe sabuwar babbar hanyar da ta kai Chakdara, ka dai riƙe fasfonka da katin makaranta saboda shingayen bincike.

Babban abin da za ka gani a duka biyun shi ne stupa, ginin nan mai kama da ƙwarya a kife, ba ɗaki ba ne balle a shiga, cike yake, a cikinsa suke binne ragowar ƙashi ko tokar Buda da manyan malamansu, zagaya shi ake yi. A Katmandu na Boudhanath tsayinsa mita 36, fari tas, an zana idanu a ɓangarorinsa huɗu ta sama, da yamma za ka ga tsofaffi 'yan Tibet waɗanda suka zauna a unguwar tun gudun hijirar 1959 suna ta zagaye da carbinsu a hannu, ginin yana damansu, ga hayaƙin turare ga fitilun man shanu, in ka bi ta ɗaya hannun kai kaɗai za ka ga kana cin karo da jama'a. Na Swayambhunath a kan tsauni yake, matakala 365, kuma birran wajen ba su da kunya ko kaɗan, in ka riƙe ayaba ko leda a hannu ta zama tasu. Wurare 7 na kwarin UNESCO ta saka a jerinta tun 1979, amma biyun nan ne kawai na Buda, sauran fadoji uku ne na sarakuna a Katmandu da Patan da Bhaktapur, sai wuraren bautar Hindu guda biyu. Girgizar ƙasar 25 ga Afrilu 2015 da ta kashe mutum kusan 9,000 ta rushe da yawa, an sake gina mafi yawa, ƙololuwar Boudhanath ma sabuwa ce, a 2016 aka kammala ta. Sai ka shirya wa ƙura da cunkoso da kuɗin shiga kusan ko'ina, kuma na baƙo daban yake.

Swat ba haka ba. Stupa na Butkara yana nan a bakin Mingora, in ba ka san me kake kallo ba sai ka ce tarin duwatsu ne kawai, alhali asalinsa ya kai ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, ana danganta shi da zamanin sarki Ashoka, kuma an yi ta lulluɓe shi da sabon gini a kan tsoho har hawa biyar, masu tonon tarihi 'yan Italiya da suka fara aiki a wajen a 1956 sun buɗe shi yadda za ka ga hawa-hawan da idonka, kewaye da ƙananan stupa sama da 200. Na Shingardar kuwa a bakin titi yake, daga cikin mota ma za ka hango shi tsaye kusa da gidajen mutane. Matafiyin nan ɗan Sin, Xuanzang, da ya ratsa wajen shekara ta 630 ya rubuta cewa a da akwai gidajen ibada 1,400 a bakin kogin, kuma tun lokacinsa yawancinsu sun zama kango.

Amma abin da ya sa ni na fi karkata ga Swat wurare biyu ne. Na farko Jahanabad, hoton Buda a zaune an sassaƙa shi a jikin dutse tun ƙarni na 7, tsayinsa ya kusa mita 7, sai ka bar mota ka hau da ƙafa ta cikin gonaki. A 2007 'yan bindiga suka huda fuskar suka zuba nakiya suka fasa ta, daga 2012 zuwa 2016 'yan Italiya da ma'aikata 'yan kwarin suka tattara ɓaraguzan suka mayar, kuma da gangan suka bar wasu tabon a fili. Wallahi in ka tsaya a ƙarƙashinsa ka tuna cewa Musulmin wajen sun yi ɗaruruwan shekaru suna kiwo da noma a gindinsa ba wanda ya taɓa shi, abin yana taɓa zuciya. Na biyu Udegram, a jikin tsaunin Raja Gira, inda akwai kufan masallacin zamanin Gaznawiyyawa, wato sarakunan Musulmi daga Gazni ta Afganistan, rubutun Larabcin da aka samu a wajen yana ɗauke da shekara ta 440 bayan hijira, wato wajen 1048, yana cikin masallatai mafi tsufa a Pakistan, mihirabinsa na nan ana gani. Kaga a wuni ɗaya za ka ga inda zamani ɗaya ya ƙare wani ya fara, ga kuma Barikot a kusa, garin da sojojin Iskandar ɗan Makidoniya suka yi wa ƙawanya a 327 kafin haihuwar Annabi Isa. Wannan Katmandu ba za ta ba ka shi ba.

Maganar ci da sallah a Swat ba ka da damuwa, masallaci a kowane lungu, ga kebab ga kifin kogi. A Katmandu akwai masallacin Juma'a da na 'yan Kashmir a tsakiyar gari da gidajen abinci na halal a kewayensu, amma da ka yi nisa sai ka dinga tambaya ko ka tsaya a shinkafa da miyar wake.

Lokaci kuma, duka biyun ka guji Yuli da Agusta, damina ce, Swat ta sha mummunar ambaliya a 2010 da 2022. Oktoba zuwa Nuwamba ya fi. Tsaro ya gyaru sosai tun bayan rikicin 'yan Taliban na 2007 zuwa 2009 amma kar ka yi sakaci, ka tambayi ofishin ɗalibai baƙi na makarantarku halin da ake ciki a satin da za ka tafi, ku tafi ku biyu ko uku, kuma banda tafiyar dare.

In ka ce abin da kake so shi ne ka ga yadda mabiya addinin ke rayuwa yau, tara kuɗi ka nemi bizar Nepal. Amma a wannan hutun ni Swat zan ce maka. Ka sauka a Mingora, ka fara da gidan tarihin Saidu Sharif don sassaƙen da aka tono daga Butkara da yawa suna can, in ka gan su tukuna kufan zai fi yi maka ma'ana, sannan ka ɗauki shatar mota ta wuni, Udegram da sassafe kafin rana ta yi zafi saboda hawan.