Hattara da masu tallan bindigogin tarihi na Winchester da sunan "jari"

Wannan gargaɗi ne ga 'yan'uwanmu mazauna Amurka, musamman waɗanda suka fara sha'awar tara tsofaffin kaya. Akwai masu talla da ke yawo a Facebook da WhatsApp da hotunan bindigogin Winchester masu ruwan zinare, irin waɗanda kamfanin ya ƙera don tunawa da wani mutum ko wata shekara. Maganarsu ɗaya ce: wai 'yan kaɗan aka yi, sabuwa ce fil ba a taɓa harba ta ba, ka saya ka ajiye, nan da shekara biyu kuɗinka ya ninka. Wani ɗan'uwanmu ya faɗa hannun ɗaya daga cikinsu, kuma abin ya yi mini ciwo, don kuɗin guminsa ne.

Batun ƙaranci ƙarya ce tsagwaronta. Gaskiya ne bindigar tunawa ta farko da Winchester ya fitar a 1964, ta jihar Wyoming, kusan 1,500 kawai aka yi. Amma da kamfanin ya ga kasuwa ta buɗe sai ya saki hannu. Ta cikar kamfanin shekara ɗari a 1966 ta haura 100,000. Ta tunawa da Buffalo Bill, shahararren maharbin Amurka, a 1968 ita ma ta haura 100,000. Ta tunawa da ɗan fim John Wayne a 1981 kusan 50,000. Kuma yawancin waɗanda suka saya a lokacin ajiyewa suka yi cikin kwali, shi ya sa har yau suna nan jibge a shaguna da wuraren gwanjo.

To tunda suna da yawa, me ke sa wata ta fi wata tsada? Yanayinta, shi ke nan. Masu tara irin waɗannan bindigogi suna biyan kuɗi ne kan wadda ba a harba ba tun fitowarta daga masana'anta, tana cikin kwalinta na asali, da rigar kwalin mai zane, da takardunta, da ɗan katin da ke rataye a jikinta. Wasu ko ɗana ta aka yi babu harsashi sai sun rage kuɗi. Da zarar an harba ta, ko kwalin ya ɓata, ta sauko sahun bindigar farauta ta yau da kullum. Tazarar da ke tsakanin farashin nan biyu ita ɗan damfara ke ci: ya sayi wadda aka yi amfani da ita da arha, ya yi mata kwaskwarima, ya nemo kwalin bogi, ya sa mata kuɗin sabuwa.

Wadda aka sayar wa ɗan'uwan namu ta 1966 ce. A hoto tana walƙiya. Da muka kai ta gaban taga muka karkata ta, sai ga siraran layuka a bakin 'yar ƙofar gefe inda ake zura harsashi, ruwan zinaren ya koɗe a ƙasa daidai inda tafin hannu ke riƙewa, kan sukurori biyu ya ɗan tauye alamar an kwance ta. Lambar da ke gefen kwalin kuma daban da wadda ke jikin ƙarfen. Wannan na ƙarshe kaɗai ya isa a fasa ciniki. Kar dai ku dogara da leƙa cikin bututun kawai, domin ana gwada harba kowace bindiga a masana'anta, kuma mai wayo ya iya wanke bututu tas. Sawun hannu da na ƙarfe kan ƙarfe ne ba sa ɓoyuwa. Ku duba tsatsa ma, don wadda ta shekara hamsin a kwali cikin ɗaki mai laima tana iya yin tabo ko da ba a taɓa ta ba.

Akwai kuma waɗanda ba su da bindigar ma sam. Hoton wani suka sata, su ce ka tura kuɗi ta manhajar Zelle ko katin kyauta ko kirifto, daga nan wayarsu ta mutu. Ka ce ya ɗauko sabon hoto da takarda mai ɗauke da kwanan watan yau kusa da lambar bindigar, za ka ji ya fara kame-kame. A dokar Amurka, bindigar da za ta tsallaka daga wata jiha zuwa wata dole ta bi ta hannun dillali mai lasisin gwamnatin tarayya. Duk wanda ya ce zai aiko maka har ƙofar gida a kewaye dillali, ka rabu da shi.

Masu karatu daga gida Najeriya kuwa, an fara yi wa wasu tayin za a saka musu cikin kwantena tare da mota. Kayan ado ko ba kayan ado ba, bindiga ce mai aiki, kuma shigo da ita babu izini laifi ne da ke kai mutum gidan yari. Kada ku ko amsa saƙon.