Demon Slayer ko Jujutsu Kaisen: da wanne za a fara?

Ɗan'uwa, ka ce datarka ba za ta ɗauki duka biyun ba, kuma ba ka taɓa bin katun ɗin Japan mai dogon zango ba. To ka fara da Demon Slayer, amma ba wai don ya fi ɗayan ta ko'ina ba.

Demon Slayer labarinsa a miƙe yake. Tanjiro yaro ne mai sayar da gawayi a Japan ta zamanin Taisho, wato tsakanin 1912 da 1926. Ya dawo gida ya tarar an hallaka danginsa, ƙanwarsa Nezuko ce kaɗai ta tsira, ita ma ta rikiɗe ta zama dodo. Sai ya shiga ƙungiyar masu farautar dodanni don ya samo mata magani. Ƙa'idar faɗan ba ta da ruɗani: dodo na mutuwa ne in hasken rana ya taɓa shi, ko a fille masa kai da takobin Nichirin, ko a ɗura masa dafin furen wisteria in ba babba ba ne. Kamfanin Ufotable ne ke zana shi, kuma nan ƙarfinsa yake. Ka duba kashi na 19 a zangon farko, inda ruwa da wuta ke bin kaifin takobi kamar da tawada aka zuba su.

Rauninsa maimaici ne. Kusan duk dodon da aka sare sai an tsayar da komai an koma baya a nuna maka wahalar da ya sha lokacin yana mutum. Da farko abin na taɓa zuciya, amma in aka yi nisa za ka riga ka san yana tafe. Ga ihun Zenitsu, abokin Tanjiro, da ke cika kunne. Zangon horon Hashira (manyan mayaƙan ƙungiyar) na 2024 kuwa, kashi 8 ne amma yawancinsa shiri ne kawai.

Jujutsu Kaisen ya fi buƙatar kwanya. A Tokyo ta yanzu ake labarin, kuma halittun nasa daga tsoro da ƙiyayyar mutane suke samuwa. Yuji, jarumin labarin, ya haɗiye ɗaya daga yatsu 20 na Sukuna, sarkin waɗannan halittu, shugabanni suka yanke masa hukuncin kisa, malaminsa Gojo ya sa aka jinkirta har sai ya cinye sauran. Faɗan nan lissafi ne. Mutum zai iya tona wa abokin gaba asirin dabararsa da gangan, domin wannan kasadar ce ke ƙara wa dabarar ƙarfi. Wanda ya buɗe farfajiyarsa kuma, wato filin tsafin da yake kulle abokin gaba a ciki, bugunsa ba ya kuskure, sai dai abokin gaba ya buɗe tasa da ta fi, ko ya san wata hanyar kariya. Ba wanda ya fi ƙarfin mutuwa, kuma mugayensa irin su Mahito da Geto sun fi na Demon Slayer zurfin tunani nesa ba kusa ba.

Sai dai wannan ƙarfin ne ke juyewa ya zama matsala. Bayanin ƙa'idoji kan zo ana tsakiyar dambe, ga rubutun fassara na gudu a ƙasan allo. A ƙaramar waya sai ka riƙa tsayarwa kana komowa baya. A rikicin unguwar Shibuya ta Tokyo, wanda ya ci kashi 18 cikin 23 na zangon 2023, masu faɗa sun yi yawa, ana ta tsalle daga wannan wuri zuwa wancan, wasu ma an kawar da su tun ba ka gama saninsu ba. Zanen kamfanin MAPPA na da zafi amma bai tsaya daidai ba. Masu zanen da kansu sun koka a kan ƙurewar lokaci a wannan zango, kuma wasu wuraren sai a fitowar Blu-ray aka gyara su.

Wajen saukewa, yawanci kashi ɗaya kusan minti 24 ne. Demon Slayer: zangon farko na 2019 kashi 26, sai Mugen Train. A nan mutane ke asarar data, domin fim ɗin 2020 da zango mai kashi 7 labari ɗaya ne, ɗauki guda. Daga nan Entertainment District 11, Swordsmith Village 11, horon Hashira, sannan fim ɗin Infinity Castle na 2025. Jujutsu Kaisen: zangon 2020 kashi 24, sai fim ɗin Jujutsu Kaisen 0 na 2021, sannan zango na biyu. Kada ka tsallake fim ɗin, in ba haka ba Geto da Yuta, jarumin fim ɗin, za su zo maka a baƙi.

In da ƙananan yara a ɗakin, duka biyun ba nasu ba ne. Akwai jini da sare gaɓɓai, Shibuya ta fi muni, kuma Entertainment District a unguwar mata masu zaman kansu ta Yoshiwara ake yin sa.