Mayar Da Tsohon Murhun Bango Mazaunin Murhun Ƙarfe a Gidajen Ingila

Duk wanda ya sayi ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen jan bulo da ke jere a Leeds ko Manchester zai tarar da murhun bango a falo, wani a buɗe, wani kuma an toshe shi tun zamanin da aka koma ɗumama gida da gas. Idan hunturu ya kankama, kuɗin gas kuma ya hau, sai mai gida ya fara tunanin raya shi, kuma hanyoyi uku ne a gabansa.

Barin murhun a buɗe asarar itace ce kawai, domin mafi yawan ɗumin bututun hayaki yake bi ya fice. Murhun da ake cusawa cikin ƙaramin ramin ba tare da an fasa komai ba yana da sauƙin aiki, amma cikinsa ƙarami ne, kuma sai an daddatse itace ƙanana kafin ya shiga.

Abin da na fi so shi ne a fashe har a kai ga ainihin ramin da magina suka bari tun farko. A bayan ƙaramin murhun da ake gani akwai ɓaraguzai da tsohuwar kunkunniya, kuma idan aka kwashe su sai a tarar da wuri mai faɗi, da linta ko bakan bulo a samansa. Wannan linta ita ke ɗauke da nauyin ginin bututun, saboda haka ba a zare bulo ko ɗaya sai an tabbatar da lafiyarta. A cikin wannan fili ake girke murhun ƙarfe mai ƙafafu, a bar masa sarari a gefe da baya gwargwadon yadda kamfaninsa ya rubuta, iska ta riƙa zagaya shi tana kwaso ɗumi zuwa falo, har a iya ɗora butar shayi a kansa. Mai ƙarfin kilowat 5 ya ishi matsakaicin falo, kuma a tsohon gida idan aka haura haka sai an huda bango domin shigar iska. Na ƙarfen zubi yana jinkirin ɗaukar zafi amma yana daɗewa bai huce ba, shi ya sa na fifita shi a kan na fallen ƙarfe. Dandamalin da zai zauna a kai kuwa, ƙa'idar gini ta ce ya fito aƙalla milimita 225 a gaba, da 150 a kowane gefe.

Inda aka taɓa cuta ta shi ne wajen ma'aikaci. Wani da ya yi mini araha ya ce bututun gidana lafiya lau yake, ba sai an zura masa bututun ƙarfe a ciki ba, ya kuma lulluɓe cikin ramin da allon filasta na ɗaki. Kafin bazara allon ya tsattsage ya yi baƙi, sannan wata rana da asuba na shiga ɗakin yara a bene na ji warin hayaki, na ga ɗigon kwalta mai ruwan ƙasa ya keto fentin bango. Ranar ban iya karyawa ba. Da aka zo dubawa sai aka ga simintin da ke tsakanin bulon bututun ya zube, hayaki yana tsiyaya ta cikinsa.

Saboda haka kada kowa ya taɓa maka bango sai ka nemi lambar rajistarsa ta HETAS, ƙungiyar da ke yi wa masu girka irin waɗannan murhuna rajista, ka duba ta da kanka a intanet, domin manna tambari a jikin mota ba ya wahalar da macuci. Idan ba mai rajista ba ne, wajibi ne a sanar da sashen kula da gine-gine na ƙaramar hukuma kafin a fara. Rashin satifiket ɗin da ke nuna aikin ya bi ƙa'idar gini yana iya jawo maka rigima da kamfanin inshora, ya kuma tsayar da ciniki ranar da za ka sayar da gidan. Bututun ƙarfe mara tsatsa iri biyu ne, 316 da 904, na biyun ya fi tsada kuma ya fi jure kwal mara hayaki, kuma akwai masu karɓar kuɗin 904 su saka 316, don haka ka ga takardarsa kafin a hau rufi da shi. Na'urar gargaɗin iskar kabon monoksayid doka ce tun 2010, iskar kuwa guba ce kuma ba ta da wari.

Ka kuma yi hattara da tsofaffin murhuna da ake shafa wa baƙin fenti a tallata a Facebook. Tun Janairun 2022 sabon murhu sai ya cika ƙa'idar Ecodesign ta rage hayaki, kuma idan unguwarku tana cikin yankunan taƙaita hayaki, waɗanda dokar 1956 ta haifar bayan hazon da ya kashe dubban mutane a Landan a 1952, ba za ka ƙona itace ba sai a murhun da DEFRA, ma'aikatar muhalli ta gwamnati, ta amince da shi. Masu itace ma suna da nasu ha'incin, su ɗora busasshe a saman buhu su ɓoye ɗanye a ƙasa. Ka nemi tambarin Ready to Burn mai nuna itacen ya bushe, ka sayi ƙaramar na'urar auna danshi, ka faskara guda daga ƙasan buhun ka soka ta a tsakiya. Idan ya haura kashi 20 cikin ɗari, ka mayar masa da kayansa.