Madubin hangen nesa 10x50 wajen bibiyar jajayen taurari masu canza haske

Duk wanda yake son fara bibiyar taurarin nan masu ƙaruwa da raguwar haske, gaskiya ba sai ya nemi ƙaton telesko ba tukuna. Madubin hangen nesa na hannu mai ido biyu, wanda aka rubuta 10x50 a jikinsa, ya isa a fara da shi, kuma shi nake amfani da shi. 10 ɗin yana nufin yana kusanto da abu sau goma, 50 kuma faɗin gilashin gaba ne da milimita, kuma da daddare wannan na biyun shi ne kan gaba don shi ke tattaro haske.

Tauraron da na fi gwada shi a kai shi ne Z Ursae Majoris. Yana yankin taurari bakwai ɗin nan na arewa masu siffar ludayi, a cikin kwanon ludayin, kusa da tauraron Megrez. Jan ƙaton tauraro ne amma dusu-dusu yake a wajenmu saboda nisa, ido zalla kusan ba ya kama shi. A ma'aunin haske na masana taurari, in lamba ta ƙaru haske ya ragu ne, ido lafiyayye a wuri mai duhu sosai yana tsayawa wajen 6, kuma bambancin maki 5 daidai yake da ninki 100 na haske. To shi Z ɗin nan yana yawo tsakanin 6.2 da 9.4, zagayensa kamar kwana 195, sai dai ba ya bin lokacin daidai wa daida, wani zagayen ya yi ƙasa sosai wani kuma ya tsaya a tsakiya ya juyo. Madubin 10x50 kuwa a sama mai duhu yana kaiwa wajen 9 zuwa 9.5, kun ga kenan kusan duk zagayen tauraron yana cikin ikonsa, sai in ya kai can ƙasa ne za ka riƙa ganinsa yana ɓacewa yana dawowa. A nan madubin ya burge ni ƙwarai, filin da yake nunawa yana da faɗi, wajen digiri 6, don haka tauraron da maƙwabtansa da za ka auna shi da su duk suna shigowa lokaci ɗaya, abin da telesko mai ƙarfin kusantowa ba ya ba ka cikin sauƙi.

Abin da yasa nake ganin ya cancanci a ɓata dare a kai shi ne abin da ke faruwa a jikin tauraron. Irin waɗannan taurari tsofaffi ne, sinadarin haidurojin na tsakiyarsu ya ƙare, sun kumbura sun ninka rana girma sau ɗaruruwa, fuskarsu kuma ta huce zuwa kamar digiri 3,000 a ma'aunin zafi na Kelvin alhali ta rana tana wajen 5,800, shi ya sa suka yi ja. Kuma ba a tsaye suke ba, jikinsu yana buɗewa yana tsukewa. In tauraron ya buɗe sai ya ƙara hucewa, sai wasu sinadarai irin su titaniyom oksayid su haɗu a sararin da ke kewaye da shi su tare hasken da idonmu ke gani, yawancin ƙarfinsa kuma ya koma hasken infrared wanda ido ba ya gani. Wato ba wai tauraron yana mutuwa ya farfaɗo ba ne, ainihin ƙarfin da yake fitarwa ba ya canzawa sosai kamar yadda ido ke nunawa. Wallahi in ka san wannan sannan ka ɗaga madubi ka ga ɗigon da ya yi haske watan jiya yau ya dushe, abin yana shiga rai.

Amma fa madubin yana da iyaka, kada a yaudari kowa. Tauraron Mira, wanda David Fabricius ya lura da shi a 1596, zagayensa kamar kwana 332 ne, in ya yi sama ido zalla ma yana ganinsa, in ya yi ƙasa yana kaiwa wajen 9 ko 10, nan madubin yana fama. Chi Cygni kuwa da Gottfried Kirch ya gano canjinsa a 1686 yana iya tashi daga 3.3 ya faɗa har 14.2, sama da ninki 20,000 kenan, to wannan watanni zai yi ba ka ganinsa sam da 10x50. Haka R Leporis da John Russell Hind ya gano a 1845, wanda ya shahara da ja jawur, in ya sauka wajen 11 sai telesko. Kuma ko launin ma kar ka sa ran ganin ja mai kyau kamar na hoto, in tauraro ya dushe ido ba ya rarrabe launi sosai.

Wani abu da ya kamata mai farawa ya sani, jan tauraro yana yaudarar ido. In ka ƙura masa ido ka daɗe sai ka ga kamar yana ƙara haske, masana suna danganta wannan da abin da Jan Purkinje ya bayyana kan yadda ido ke ɗaukar ja a cikin duhu. Maganinsa ka riƙa leƙawa da sauri kana ɗauke ido, ko ka ɗan murɗa madubin ya fita daga saiti har taurarin su zama ƙananan faifai sannan ka kwatanta, kuma madubin hannu ya dace da wannan sosai don murɗawa ɗaya ce. Taswirar kwatantawa kuma, mai nuna lambar hasken taurarin da ke maƙwabtaka da shi, ƙungiyar AAVSO ta masu bibiyar taurari masu canza haske, wadda aka kafa a Amurka a 1911, tana bayarwa a shafinta na intanet, sai dai a kula, ba sa sa ɗigo a lambobin don kar a ɗauka tauraro ne, in ka ga 72 to 7.2 ake nufi.

Matsalar da na fi fuskanta ita ce rawar hannu. A kusantowa sau goma ko numfashi kake yi taurarin sai sun yi rawa, masu duhun kuma su ne ke fara ɓacewa, sai na jingina gwiwar hannu a bango ko na ɗora madubin a kan sanda mai ƙafa uku sannan nake ganin na kusa da 9 ɗin. Wuya ma tana ciwo in tauraron ya hau tsakiyar sama, kwanciya rigingine ta fi. Nawa madubin kuma gefen filin ba shi da kaifi, taurari suna miƙewa a can, dole in kawo wanda nake aunawa tsakiya, da sanyin asuba raɓa kan lulluɓe gilashin.

Duk da haka ina ba da shawarar sa ga mai farawa ba tare da wani ɗar-ɗar ba. Kafin ka karɓa dai ka duba abu mai nisa da shi, in ka ga hoton ya rabu biyu ko idonka ya fara ciwo to madubai biyun ba su daidaita ba, ka mayar a canza maka, don da irin wannan ba za ka iya auna hasken tauraro mai duhu ba.